Giyabos ɗin da ya dace da Bitil mai injin 1776 a hanyoyinmu

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta. Tambayarka ta iso ni tun shekaranjiya, ban so in amsa ta a tsaitsaye ba shi ya sa na bari sai yau da na dawo da wuri daga Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi. Ka ce kana Nima a Ankara babban birnin Gana, Baba ya bar maka Volkswagen Bitil ta 1970 asalinta mai injin 1300 cc, ka sa an sake ɗaura injin ya koma 1776 da kafireta biyu Weber 40 da kam mai ɗan zafi, amma giyabos ɗin na asali ne, in ka hau motowe ta Tema kana kan 100 injin na kuka kamar zai fice, giya ta biyu kuma tana ƙara in ka sauko da sauri. Wani abokinka ya ce ka yi odar dogon giyabos mai 3.44 daga Amurka, wani ya ce na Porsche mai giya biyar, wani fita, wato makanike, a Kokompe ya ce ka sa na Kombi ka huta. Kai kuma burinka ka riƙa zuwa Kumasi da ita gaida dangi ka koma lafiya.

Toh ga amsata tun farko kafin in shiga dogon bayani. Ka tsaya a giyabos na Bitil irin naka, a buɗe shi a gyara a ƙarfafa, a sa masa kirawun da finiyon, giya biyun nan da ke miƙa juyi ga tayoyi, mai haƙori 31 da 8, ka raba 31 da 8 ya ba ka 3.875, giya ta uku 1.26, ta huɗu 0.89. In ba ka samu wannan ba, mai 33 da 8 wato 4.125 ma ya ishe ka, kuma ba zan kira shi na biyu a daraja ba in yawancin yawonka a cikin Ankara ne. Abin da ya wuce 3.875 da 0.89 a tsawo kuwa, wato lambar da ta fi waɗannan ƙanƙanta, kada ka kusance shi da wannan injin a zafin ƙasarmu.

Dalilin yana cikin lissafi, kuma lissafin ba wuya, ɗauki biro. Tayar da aka saba sa wa Bitil 165 ce a kan rim 15, in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa kusan mita 2. Kilomita 100 a awa kuwa mita 1667 ne a minti, kenan taya na juyawa kusan sau 833 a minti. Yanzu sai ka ninka wannan da kirawun, ka ƙara ninkawa da giya ta huɗu, abin da ya fito shi ne juyin injin. Naka na yanzu, in dai ba a taɓa canja shi ba, lambarsa za ta fara da AB kuma kirawun ɗinsa 35 da 8 ne, 4.375. Sau 0.89 ya ba ka 3.89, sau 833 ya ba ka kusan 3240. Mai 4.125 zai ba ka kusan 3060. Wanda Volkswagen suka fara sa wa 1600 daga 1973, mai 3.875, sun haɗa shi da ta huɗu 0.93 ne, sai ya faɗo wajen 3000, ka ga kenan tsakaninsa da mai 4.125 a giya ta huɗu babu wani abin kirki, mutane da yawa sun kashe kuɗi sun sayo shi suna jiran mota ta yi shiru sai suka ji kamar ba a canja komai ba. Wanda na ce ka haɗa, 3.875 da 0.89, shi ne 2870. In ka sa ta huɗu 0.82 a kansa ka sauko 2650. Na Amurkan da ake kwaɗaita maka, 3.44 da 0.89, shi ne 2550.

A takarda 2550 ya fi daɗin gani, na sani. Amma ka tuna wace mota ce wannan. Ba ta da lagireto, ba ta da ruwa ko cokali ɗaya, abin da ke hana kan injin narkewa fankar nan ce da ke bayan janareta, ita kuma fambel ke ja daga fulin kiranshaf, tana juyawa kusan ninki biyu na juyin injin. Injin ya yi sauri ta yi sauri, ya rage ta rage. Toh ƙarfin da mota ke buƙata ta keta iska a kan 100 ɗaya ne ko wace giya ka sa, nauyin ɗaya ne, tudun ɗaya ne, man da za ta ƙona kusan ɗaya ne, zafin da zai fito a kan injin ma haka. Kai ka rage juyin, sai ka ƙara taka totur domin ta riƙe gudun, zafi na nan ko ma ya ƙaru, iskar da za ta kwashe shi kuma ta ragu. Mutanen da ke yabon 3.44 yawancinsu injin lita biyu da wani abu gare su, mai ƙarfi tun daga ƙasa, kuma suna gudun 120 ko 130 na awa biyu a shimfiɗaɗɗen titi ba tsayawa. Kai ina za ka samu wannan? Daga Ankara zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, ka fita Ofankor, Nsawam, Suhum, Nkawkaw, Konongo, Ejisu, gari bayan gari da ram na rage gudu a kwance a titi, ga manyan motoci da za ka bi bayansu a kan 50 kana leƙen hanyar wucewa. Gudunka na gaskiya a hanyar nan tsakanin 70 da 95 yake. Da 3.44 a kan 80 injinka na wajen 2000, kam ɗin da ka sa bai ma farka ba a nan, kafireta biyu masu maƙogwaro 40 ba sa son wannan juyin, za ka dawo giya ta uku ka zauna a cikinta, kenan ka sayi ta huɗu da tsada ka aje ta.

Wannan ba daga littafi na ɗauko ba, da hannuna na yi kuskuren kuma har yau yana damuna. Shekarun baya wani bawan Allah mai zuwa Ejura duk mako ya kawo mini tasa, injin 1641, ya ce shi dai yana son ta daina ihu a hanya. Na haɗa masa 3.875 da ta huɗu 0.82, shi kuma ya riga ya sa manyan tayoyi 205/70 a baya saboda ramuka, ban zauna na haɗa lissafin tayar da na giyar ba. A cikin gari lafiya lau, ya yi ta godiya. Bai yi wata uku ba aka jawo ta, a hawan dutsen Mampong da rana tsaka da mutum huɗu da kaya, ya bar ta a ta huɗu yana dannawa saboda bai ji tana kuka ba, bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya tsinke ya faɗa kan fistin. Da na buɗe na ga launin kan injin na san zafi ne, da na yi lissafi na ga a kan 80 juyinsa 2000 da 'yan kai ne kawai. Na gyara masa ban karɓi kuɗin aiki ba, na mayar da 0.89, bai sake dawowa da wannan matsalar ba. Tun ranar nan ba na taɓa giyar mutum sai na durƙusa na karanta lambar tayarsa.

Shi ya sa kai ma zan tambaye ka, wace taya ce a bayan motarka? Ba ka faɗa ba. Yaran yanzu na son 195/50 saboda kyan gani, ita kuma zagayenta mita 1.81 ne, a kan 100 tana juyawa sau 920. In ita ce a ƙarƙashinka to da giyabos ɗinka na yanzu kana wajen 3580, kukan da kake ji rabinsa daga taya yake, ka mayar da 165 ko 195/65 tukunna ka ji bambanci kafin ka kwance ko noti ɗaya. Wani abin kuma, kafireta biyu da buɗaɗɗen abin tace iska da salansar nan mai bututu huɗu a haɗe suna da ƙara ko da a wane juyi, kuma galibi in an sake ɗaura inji ana cire baƙin allon nan mai tare sauti da ke tsakanin inji da kujerar baya ba a mayar ba. Injin 1600 na asali yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a 4000, an yi shi ya yini a 3200 zuwa 3500 bai gaji ba. Kunnenka ne ya saba da Corolla. Malejinka kuma kada ka damu da shi, wayarsa daga tayar gaba ta hagu take ɗauka, canja giyabos bai taɓa shi, canja tayar gaba ne ke sa shi ƙarya.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin ta uku da ta huɗu, wadda mutane ba sa dubawa. Daga 1.26 zuwa 0.89, in ka canja a 4000 ka faɗo 2830, har yanzu kana inda injin ke da ƙarfi. Daga 1.26 zuwa 0.82 ka faɗo 2600, a tudu sai ka ji motar ta saki jiki, ka koma ta uku ta yi ihu, ka dawo ta huɗu ta mutu, haka za ka yi ta yi tun daga Ayi Mensah har Aburi. Giya ta ɗaya ma haka, 3.80 ce, da kirawun 4.375 motar na tafiyar wajen kilomita 6 da rabi a awa in ka saki kuloci ba ka taka komai ba, da 3.875 ta wuce 7, da 3.44 ta wuce 8. Kamar ba komai ba ne, amma ka shiga tirafik ɗin Circle ko na Kejetia inda ake matsawa taku biyu a tsaya, ƙafarka ba za ta sauka daga kuloci ba, faifan zai ci wuta.

Maganar na Kombi, fitan nan ya yi gaskiya a abu ɗaya, ya fi ƙarfi, musamman na 1976 zuwa 1979 da ake kira 091 mai haƙarƙari shida a bayansa. Amma an yi shi ne domin jan kaya, gajere ne. Na farkon 1968 mai haƙarƙari uku kirawun ɗinsa 5.375 ne da ta huɗu 0.82, a taya 165 juyi 3670 kenan a kan 100. Shi 091 ɗin 4.57 ne, ya ba ka wajen 3390. Duk biyun sun fi naka na yanzu kuka, wato ciwon da ka kawo ne za a ƙara maka. Bayan haka ba ya zama a mazaunin Bitil sai an yi masa wasu ƙafafu, hancinsa ba ya daidai da sandar giya, kuma shaf ɗinsa masu gwiwa biyu ne, motarka ba irin wannan ba ce. Na tsohuwar Kombi kafin 1968 kuwa kama yake da naka sak a ido, amma tana da ƙananan akwatunan rage gudu a bakin taya, saboda haka kirawun ɗinta a ɗaya gefen aka juya shi, ka ɗora shi a Bitil haka nan za ka samu giya huɗu na baya da ɗaya ta gaba. Ka kula da wannan sosai a kasuwa. Na Kombi na mai motar shiga yashi ne da ake kira buggy, ko wanda ya ɗaga mota ya sa manyan tayoyi zai shiga jar ƙasar arewa, a can kam ba shi da na biyu.

Na Porsche, 901 da ke cikin tsoffin 911 da 912 daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1971, abu ne mai kyau kuma ana sa shi a Bitil, amfanin giya biyar shi ne ka samu doguwa a sama ba tare da rami a tsakiya ba. Sai dai dole motar ta zama mai gwiwa biyu, a sassaƙe wurin hanci, a sake hanyar sandar giya, a daidaita kuloci, giya ta ɗaya ma tana hagu ta baya ne sai ka sake koyon hannu. Duk wannan mai yiwuwa ne a Magazin, mun yi abin da ya fi shi. Abin da ke hana ni ba ka shawarar shi ne ranar da sinkuro ɗinsa, zoben nan da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, zai cinye, ba za ka same shi a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ba, ba za ka same shi a Suame ba, sai an aiko daga Turai ka biya duti, motar na kan dutse wata da watanni. Injin 1776 bai kai ya jawo maka wannan wahalar ba. Na Subaru da ake juya wa kirawun ma maganar ɗaya ce.

Tunda na ambaci gwiwa biyu sau biyu bari in warware. Motarka suwin aksil ce, shaf ɗin na cikin bututu, yana lilo daga jikin giyabos, gwiwa ɗaya. Ɗaya nau'in da ake kira IRS, wanda ke kan 1302 da 1303 da na Amurka daga 1969, shaf ɗinsa a fili yake da gwiwa a ciki da waje, taya na tsayawa a miƙe, ya fi riƙe kwana. Leƙa ƙarƙashi, in ka ga roba ɗaya kowane gefe a jikin giyabos suwin ne, in biyu ne kowane gefe IRS ne. Ana iya mayar da taka IRS, a yi waldar maƙalai a jikin bututun toshan da ma'auni, a nemo hannuwa da faranti da shaf. Wasu kuma sai su canja kwanon ƙasan gaba ɗaya, kada ka yi wannan, lambar shasi a jikinsa aka buga ta ƙarƙashin kujerar baya, ka canja shi takardunka na DVLA, hukumar rajistar motoci, sun daina magana ɗaya da motar, ga shi kuma motar Baba ce. Ni dai a wurina ka bar ta suwin, ka sa shokazoba masu kyau da sandar nan mai hana taya naɗewa ciki, kada ka sauke ta ƙasa da yawa domin man giya ne ke gangarawa ta bututun yana shayar da boris ɗin taya, in bututun ya kalli sama boris zai bushe.

Wannan ya shafi abin da za ka saya. Giyabos mai lambar AC na 1500 ne, suwin, 4.125, ka same shi lafiyayye ka ɗauka ido rufe, kai tsaye zai zauna. AH ma 4.125 ne amma IRS. AT na 1303 mai 1600 ne, 3.875, IRS, kuma na baya-bayan nan murfin gefe ɗaya gare su, ɗaya gefen a rufe aka zuba shi, irin wannan ba ya komawa suwin, sai dai a ciro kayan cikinsa. Mai murfi biyu kam ana juya shi, a canja murafu da difa, wato abin da ke raba juyi ga tayoyin baya biyu. Akwai kuma na Birazil da yawa a yankinmu, saboda Volkswagen sun fara haɗa Bitil a Ojo ta Legas a 1975, ga Brasilia da aka sayar a Najeriya da sunan Igala, su duka suwin ne, sun shigo Gana ta Aflao ba adadi. Lambar tana jikin kwanson ta gefen dama, ka kankare dattin za ka gani. Amma fa giyabos mai shekara 50 hannu nawa ya bi, lambar kwanso ba ta gaya maka abin da ke ciki, gani ya kori ji. Ka sa shi a ta huɗu, wani ya riƙe shaf ɗaya kada ya motsa, ka yi wa shaf ɗin kuloci alama da alli, ka juya ɗaya shaf ɗin tayar sau 20 kana ƙirga sau nawa allin ya zagayo. Ya kusa 39, irin naka ne. Ya kusa 37, 4.125 ne. 36 shi ne 3.875 da 0.93. 34 da rabi shi ne wanda nake so maka. In mai shago ya hana ka ƙirgawa ka bar masa kayansa. Ka kwance notin zubar da mai ka duba maganaɗisun, laushin gari kamar toka ba komai, ɓarɓashin haƙori ko gutsuren tagulla kuwa ka san akwai aiki. Kwanson maganiziyam ne, ka duba tsaga a kewayen murfin gefe da wajen mauntin, kada ka yarda da wanda aka yi wa walda ta ko'ina.

In sabon kirawun 3.875 za ka yi oda, ka sani finiyon iri biyu ne, akwai mai maɓalli akwai mai tsaga-tsaga, dole ya dace da giya ta uku da ta huɗu da za a ɗora masa. Kada ka biya kuɗi sai wanda zai haɗa ya buɗe naka ya gaya maka wanne ne.

Ƙarfafawar kuma ba ta da yawa ga injinka. Haƙoran da sinkuro ke kamawa a giya ta uku da ta huɗu matsa su aka yi a jikin giyar, in ƙarfi ya ƙaru suna iya zamewa su juya, sai a yi musu ɗigon walda mai tsabta. In mai maɓalli ne a sa maɓallai masu tauri. Murfin gefen da kirawun ke turawa yana lanƙwasa in an fizgi mota, haƙora su rabu kaɗan su fara cin juna a baki, akwai mai kauri na alminiyam, ka sa shi. Difa ta asali ƙananan giya biyu gare ta a ciki, akwai mai huɗu, in kai mai sakin kuloci da ƙarfi ne a fitilar titi ka saya, in tuƙin mutunci kake ta asalin za ta kai ka. Sabbin zoben sinkuro duka huɗu, boris na finiyon da na babban shaf, sil, gasket. Kwanson nan mai kauri da ake kira Rhino ba ka buƙatarsa. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne hannun da zai haɗa, zurfin finiyon da ratar haƙori da matsin boris da zaman cokulan giya duk da ma'auni ake yinsu. Ka ce ya nuna maka agogon awo da yankakken kwanson da yake saita cokula a ciki da shuɗin man da yake shafa wa haƙora ya ga inda suke haɗuwa. In ya ce shi da ido yake yi, ka gode masa ka ɗauki kayanka, kirawun da aka saita ba daidai ba zai yi maka kuka kamar jiniya kuma ba ya gyaruwa in ya riga ya ci.

Ƙarar giya ta biyu da ka ce, sinkuro ne galibi, ita ce ta fi shan wahala a gari. Amma kafin a ɗora mata laifi ɗaga kujerar baya ka buɗe ɗan murfin nan ka duba mahaɗin sandar giya, robarsa na mutuwa, haka bushin ɗin da ke ƙarƙashin sandar a gaba. Ka auna wasan kuloci a feda, milimita 10 zuwa 20 ake so. In kuloci bai saki duka ba sabon giyabos ma zai yi ƙarar.

Wajen haɗa shi da inji akwai tarko biyu. Na farko filawil, na zamanin batir mai volt 6 haƙori 109 ne, na mai volt 12 kuma 130 ne kuma ya ɗan fi girma, in ka sayo tsohon giyabos na farkon shekarun 1960 sai an ɗan goge cikin bakinsa kafin filawil ɗinka ya shiga, bushin ɗin kik ma daban ne. Na biyu boris ɗin kuloci, har 1970 yana rataye ne a cokali kuma murfin kuloci na da zobe a tsakiya, daga 1971 yana tafiya a kan ɗan bututu kuma murfin ba zobe. Ka haɗa sabo da tsoho feda za ta lalace a ranar. Ka nemi kuloci milimita 200, murfi mai ɗan ƙarfi kaɗan ya isa, wanda ya yi tauri da yawa yana tsinka waya yana lanƙwasa cokali yana cin boris ɗin kiranshaf. Mauntin guda uku ka sa sababbi na roba masu kyau, kada ka sa na ƙarfe zalla, duk motar za ta riƙa rawa, sai ka ƙara ɗamara a tsakiyar giyabos da sandunan da ke ɗaure ƙahonin shasi da wajen shokazoba, su ne ke hana tayar baya tsalle in ka tashi da ƙarfi, tsallen nan kuwa shi ke fasa hanci ya karya haƙori. Babban notin shaf na baya mai 36 a ɗaure shi wajen 300 na ma'aunin Nm a sa masa fin, robar bututu kuma ɗinkinta kada ya kalli sama, a kwantar da shi gefe in ba haka ba zai buɗe ya yi yoyo.

Man giya 80W-90 mai alamar GL-4, wajen lita 2 da rabi in canji ne, in sabon haɗi ne busasshe ya kai 3, ka zuba a hankali kana jira domin sai ya gangara cikin bututun, har ya fara dawowa ta ramin gefe. Ka yi tafiya a hankali kilomita ɗari biyar na farko sannan ka zubar ka duba maganaɗisu ka zuba sabo. Ka tabbata kwanukan da ke rufe injin duka suna nan da robar da ta kewaye shi, gidan fanka ya zama irin na 1971 zuwa sama mai sanyaya mai a waje, fulin kiranshaf na asali ba ƙaramin nan da ake cewa yana ƙara ƙarfi ba, bawul 0.15 da inji a sanyaye. In da hali ka sa agogon juyin inji da na zafin kan silinda a ƙarƙashin fulogi na uku, a tudu kada ka bari ya sauka ƙasa da 2500 kana danne da totur, sauko ta uku ka bar fanka ta yi aikinta.

Yanzu abin da nake so ka yi, aiko mini da lambar tayarka ta baya, da haruffan da ke jikin giyabos, da hoton ƙarƙashin motar ta baya, ka gaya mini lambar kam ɗin in ka sani. In kam ɗin ya fi yadda nake zato zafi, ko tayar ta fi 165 tsawo, zan ce ka tsaya a 4.125. In kuma ka ga za ka iya ciro shi ka ɗoro a mota zuwa Kumasi, ka sauka shataletalen Suame ka kira ni da safe kafin rana ta yi, mu buɗe shi a gabanka ka ga cikinsa da idonka.